Wanda Yake Taɓa Kwamfutar Sirajo

Malam Sirajo ya danna adireshin da aka turo daga Gusau, sai tsohuwar burauzar, wato manhajar shiga intanet da ta zo tare da kwamfutar, ta buɗe, tana tambayarsa kalmar sirrin da ya daɗe da mantawa. A bayansa Alhaji Muttaka ne tsaye, shugaban ƙungiyar manoman gero da dawa ta Ƙauran Namoda, tare da baƙi biyu da suka zo ganin yadda ake rajistar taki. Gumi ya keto wa Sirajo. Duk kalmominsa na sirri suna ajiye ne a ɗaya burauzar, wadda shi da hannunsa ya zaɓa ta riƙa buɗe komai. Kafin ya lalubo wurin canzawa, baƙin sun fara duba agogo.

Ba yau aka fara ba. Yakan saita abarsa, a kwana biyu lafiya, wata safiya ya tarar an mayar da tsohuwar. Kuma mutum biyu ne kaɗai ke da makullin ofishin: shi sakatare, da mataimakinsa Bawa. Tun firamare suke tare da Bawa, shi ne ma babban abokin ango a aurensa. Amma tun ranar da Sirajo ya shigo ya same shi a kan kujerarsa, shafin saituna a buɗe, zuciyarsa ta daina kwanciya. Bawa ya ce gyara yake yi. Amma Sirajo a ransa ya gama yanke hukunci: kujerar ake nema, ta hanyar kunyata mai ita.

Da baƙin suka tafi, ya bi Alhaji har bakin mota. Bai ce Bawa mugu ne ba, bai ce yana yi masa zagon ƙasa ba. Cewa kawai ya yi hannu ya yi yawa a kan na'urar, sannan ya tuna wa Alhaji cewa rumbun ƙungiya na Zurmi ba shi da mai kula tun bara. Kowa ya san dalilin da ya sa babu mai son wurin, hanyar ba ta da tabbas. Alhaji ya jinjina kai, ya ce zai duba.

A ƙarshen makon Alhaji ya tura Bawa Zurmi, Bawa ya ajiye makullinsa a kan tebur. Matarsa Hamida na da tsohon ciki, don haka zai bar ta wurin iyayenta, ya riƙa zuwa idan hanya ta yi kyau.

"Abokina, ka riƙa leƙa min su," in ji shi. "Ban san mi na yi ma Alhaji ba, amma Allah shi sa haka ya fi alheri."

Sirajo ya ce amin, har ya raka shi tasha ya saya masa ruwan sanyi.

Ofis ya zama nasa shi kaɗai. Ya saita burauzarsa, ya canza kwaɗo, ya yi aikinsa cikin natsuwa. Ran Litinin ta sama ya buɗe ƙofa, ya kunna kwamfutar, ta daɗe tana juya ɗigo-ɗigo kafin ta tashi. A kusurwar allo wani ɗan saƙo ya leƙo: na'urar ta sabunta kanta, ta kuma mayar da burauzarta ta asali. A da Bawa ne ke riga shi zuwa ya kunna, don haka Sirajo bai taɓa ganin saƙon ba. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ɗauki waya ya nemo lambar Bawa, ya tsaya yana kallonta har hasken ya mutu.

Yana cikin haka Alhaji Muttaka ya leƙo, hularsa a hannu.

"Sakatare, ya wagga na'ura taka? An samu lafiya tun da muka rage hannu?"

Sirajo ya matsar da saƙon ya rufe shi, ya shiga saituna, ya zaɓi burauzarsa.

"An samu, Alhaji," ya ce. "Lafiya lau."