Ƙashi Ɗaya na Gidan Yachida

"Baba Sato, buɗe baki," in ji ma'aikaciyar jinyar, tana riƙe da cokalin magani.

Shozo bai buɗe ba. Yana kwance a shimfiɗarsa a ƙasa, idonsa na kan rufin ɗaki.

"Wane Saton? Gida ashirin da uku ne a ƙauyen nan, sha tara duk Sato. Leƙa waje ki kira, har kare zai amsa miki."

Maƙwabciyarsu Tomie, da ke durƙushe a bakin ƙofa da kwanon kunun shinkafa, ta danne dariya. Ita ma Sato ce, aure ya ba ta.

Kinue matar Shozo ta fito daga madafa tana share hannu. "Tsoho, sha maganinka ka bar yarinya ta yi aikinta." Ta juya wajen ma'aikaciyar. "Namu ba irin nasu ba ne, 'yata. Tushenmu Fujiwara, manyan fadar sarki. Rabin sunan ma, a irin rubutunmu, daga nasu aka ciro. Takardar asalin tana nan a akwati."

Shekara talatin da takwas Tomie ta yi tana koyar da tarihi, kuma ta ga takardar nan. Tawadarta ba ta girmi kakan Kinue ba. Ta kuma ga littafin haikali: shekarar da hukuma ta ce kowane talaka sai ya yi sunan gida, mai gari ya gaji da tunani, ya raba wa manoma nasa. Sau ɗaya ta taɓa faɗa wa Kinue, suka yi shekara biyu ba gaisuwa.

Da Kinue ta raka ma'aikaciyar waje, Shozo ya yafito Tomie da yatsa.

"Malama, kin san sunana?"

"Shozo."

"Na gida."

Ta ajiye kwanon kunun. Kowa ya san shigo da shi aka yi. Mahaifin Kinue bai haifi namiji ba, sai ya nemo ɗan talakawa daga bayan dutse, ya aura masa 'yarsa, aka rubuta shi ɗan gida don kada suna ya mutu. Shekara hamsin da huɗu ke nan, amma har yau in an sha giya a biki ana ce masa "wanda aka kawo". Tomie ta laluba kanta, ba ta samu sunan ba, kunya ta kama ta.

"Yachida," ya ce. "Gonar fadama. Ba sarki ba bafade, fadama ce kawai kakana yake nomawa. Yayana ya mutu ba ɗa. A yankinmu ni na rage, ni ɗin ma a takarda babu ni." Ya huta, numfashinsa na kaɗa bakin bargo. "Ranar tsintar ƙashi, bayan an ƙona gawata, ɗaya nake so a kai kabarin gidanmu. Ko na ɗan yatsa. Al'ada ba ta hana a raba ba."

"Sai da yardar mai gawa. Ka tambayi Kinue."

"Na tambaya. Ta ce wanda aka kawo ba ya komawa."

"To ni a wa?"

"Ke ba kya tsoronta."

"Wa ya faɗa maka? Ni da ko lemon bishiyarta ya faɗo gidana sai na mayar."

Ya yi murmushi da rabin baki. Bai sha kunun ba.

Kwana shida bayan haka ya cika, da hantsi, ana jin injin sussuka daga gonar ƙasa. Kafin azahar mai shagon kayan makoki ya kafa allo a ƙofar gida, an rubuta Sato da manyan baƙaƙe. Mai kawo furanni ya shiga gida uku kafin ya samu nasu.

Tomie ta samu Kinue ita kaɗai tana guge baƙar rigar makoki.

"Ya bar mini saƙo."

"Na sani. Bangon nan takarda ce, Malama."

"Ƙashi ɗaya ne, Kinue. Mutum kusan miliyan biyu ke ɗauke da sunan nan. Ba zai rushe don an cire masa ɗan yatsa ba."

Kinue ta ajiye dutsen guga. "Kin yi boko, kin san komai. To kin san ni ma ba a tambaye ni ba? An ɗauke ni makarantar jinya a Sendai, takardar na hannuna, Baba ya ce 'yar gado ba ta fita. Aka zaunar da ni, aka kawo mini mutumin da sau ɗaya na taɓa ganinsa. Na zauna. Yanzu shi zai fita ta bayan gida ya bar ni a kabarin gidan nan ni kaɗai da Baba?"

"'Yarku ma ai sunan mijinta ta ɗauka. Wa kike tsare wa?"

"Shi ya sa," in ji Kinue, ta ci gaba da guga.

A wurin ƙona gawa, aka turo farantin ƙarfe da ƙasusuwan, farare fat, da sauran ɗumi. Ma'aikacin ya raba dogayen tsinkaye, ya ce bibbiyu za a ɗauka, daga ƙafa zuwa kai, don mamaci ya shiga tulu a tsaye. Dangi suka yi, maƙwabta suka biyo. Da aka zo kan Tomie, wani ɗan guntu kamar ƙwayar wake ya zame daga bakin faranti ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya kamar mai gyara takalmi, ta ɗora hankicinta a kai ta dunƙule shi. Shekara saba'in da tara ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Da ta ɗago, idon Kinue na kanta.

Sai a mota Kinue ta yi magana, a hanyar komawa, tulun a cinyarta.

"Motar ƙarfe tara ce ke zuwa bayan dutse," ta ce a hankali, tana kallon taga. "Ki je. Amma ba abin da za ki tarar. Shekara tara da suka wuce haikalin su Shozo ya aiko takarda, wai kabarin ba mai ziyara, in ba wanda ya fito za su ɗauke dutsen kabarin su haɗa ƙasusuwan da na marasa dangi."

"Ya gani?"

"Na sa a murhu."

"Kinue."

"Da ya gani da ya tafi, Malama. Da ƙafarsa. Lokacin yana da ƙarfi."

Washegari Tomie ta hau motar ƙarfe tara. Ita kaɗai ce fasinja bayan tasha ta huɗu. Malamin haikalin saurayi ne, bai taɓa jin sunan Yachida ba. Ya duba littafi ya samo, ya nuna mata inda kabarin yake a da, wani fili a gefen maƙabarta da aka zuba wa tsakuwa don ajiye motoci. Ya ce in ƙashi ta kawo, kuma tana da takardar yardar mai gawa, za a iya sawa a kabarin gayya na marasa dangi. Ta ce masa ziyara kawai ta zo.

Ta tambayi wata tsohuwa mai shanya wake inda gonar Yachida take. Tsohuwar ta yi dogon tunani, ta nuna gangare da haɓa.

Ba shinkafa a wurin. Ciyawa ta fi Tomie tsawo, ruwa ya kwanta baƙi a ƙarƙashinta. Ta cire takalma, ta jera su a kan kunyar gonar, ta shiga har idon sawu. Sanyin ya hau mata har gwiwa. Ta warware hankicin, ta tura guntun cikin laka da babban yatsa, ta faɗi sunan sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

Ramin ya cika da ruwa kafin ta miƙe.