Gurbi Biyu a Allon Tagulla

Anti Thelma ta ture takardar da gindin kofin shayinta, ta ce ba za ta sa hannu ba. Glenys, ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, ta gyara zama. Gobe za a kai sunaye wurin mai zana allon tagullar da za a kafa a ƙofar tsohon gidan sinima, kuma cikin mata biyar ɗin da za a karrama Thelma kaɗai ta rage a raye.

Shekara sittin ke nan. A lokacin, dokar garinsu na arewacin Ostireliya ta ce 'yan asalin ƙasa su shiga ta ƙofar gefe, su zauna kan benci a can gaba, wuya a sama kamar kaji na shan ruwa. Kujerun tamfol na Turawa ne. Wata Asabar yayar Thelma ta goge musu rigunan coci su biyar ɗin, suka sayi tikiti, suka zauna a kujerun tamfol, hannuwa a kan cinya. 'Yan sanda suka kwashe su har da kujerun, don yayar ta ce ƙafafunta sun manta yadda ake miƙewa. Asabar bakwai suna komawa kafin a soke dokar. Thelma tana kewar zamanin nan da tsoronsa da komai. Ba ta ƙara yin dariya irin ta bayan motar 'yan sanda ba.

Yayar ta rasu wata biyu da suka wuce, kuma a wurinsu ba a kiran sunan sabon mamaci, ba a rubuta shi, sai dangi sun ba da izini bayan shekaru. Sauran ukun sun daɗe da rasuwa. Glenys ta san haka, baiwar Allah, amma ta sa sunan yayar a takardar, ta ce mai zanen daga birni yake, kuma babu tabbacin wata hukuma za ta sake kiransa.

"Anti, ita ce fa ta ja ku. A bar ta a waje?"

Maganar ta yi wa Thelma zafi. Ta daɗe tana juya cokali a kofi, sannan ta ce a rubuta ukun, a bar gurbi a sama, mai faɗi, don yayarta ba ta son matsi.

Glenys ta ƙirga da biro, ta ce ai da na Anti huɗu ne.

"Nawa ma ki bar gurbi, 'yar nan. Tare muka shiga. Ba zan riga ta zama ba."