An Yafe wa Mai Inji

"Inna, ɗaga min rigar nan."

"Ya ce kada a taɓa shi."

"Ni ma na ji ya ce. Ɗaga."

Inna, matar Baba Mai Inji, ta ɗaga. Nas ta durƙusa a gefen katifar da fararen kayan aikinta, don daga asibiti ta dawo ta tarar da takalma cunkus a ƙofar ɗakin maƙwabcinta. A ƙasan haƙarƙarinsa na hagu akwai wani shaci baƙi ƙirin mai faɗin tafin hannu. Ta danna cikinsa a hankali, ta ji shi tauri kamar katako. Baba Mai Inji ya cije leɓe, gumi mai sanyi na tsattsafo masa a goshi.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Faɗuwa na yi, 'yata."

"A kan takalmin mutum ka faɗi?"

Matan da ke tsaye a bakin ƙofa suka shiga gyaran mayafi.

Kowa a layin ya san abin da ya faru jiya, har wanda ba ya nan. 'Yan sanda ne suka biyo wani ɓarawon waya, ya ɓace musu a lungun da ke bayan injin niƙa. Sajen ɗinsu ya tsaya a ƙofar rumfar injin yana ta daka wa Baba tsawa ya kashe inji ya faɗi inda yaron ya bi. Shi kuwa Baba, tun kafin a haifi sajen yake cusa auduga a kunnuwansa idan zai tayar da inji, ga shi ya ba ƙofa baya. Bai san da zuwan kowa ba sai da aka fizgo wuyan rigarsa. A firgice ya ture hannun. Shi ke nan. Gindin bindiga, sannan takalmi, a gaban mata da bokitansu. Da za su tafi suka ce ya ɗaga wa hukuma hannu, za su dawo su garƙame rumfar.

Nas ta kama wuyan hannunsa. Jijiyar na gudu da sauri, siririya kamar zare. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ga fari fat.

"Inna, jini yake zubarwa ta ciki. Saifarsa ce. Yanzun nan za a kai shi asibiti, ba anjima ba. Ina Direba?"

Motar Direba, wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, ita kaɗai ce mai ƙafa huɗu da ke yarda ta shigo layin. Hanyar duk ruwa ya cinye ta, masu tasi a bakin titi suke sauke mutum ya ƙarasa da ƙafa.

"Direba namu ne yau," aka ce daga waje.

Kawu ne, yayan Baba, tsohon masinjan ofis. Ya shigo cikin rigarsa ta zuwa wurin manya, ƙamshin turare na binsa, dattawa biyu na bayansa.

"Ina za ku, Kawu?"

"Caji ofis. Za mu je mu ba Ogan 'yan sanda haƙuri kafin abu ya yi girma."

Nas ta miƙe tsaye a hankali.

"Haƙurin me?"

"Ke ba ki ji ya ture hannun hukuma ba?"

"Shi aka daka, kuma shi zai ba da haƙuri? Kawu, zo ka kalli cikin ƙanenka. Zo ka kalla mana!"

"Na gani. Tsamin jiki ne. An gasa masa da ruwan zafi, an shafa man zafi."

"Man zafi! A kan saifa!"

"Ke yarinya, sassauta murya. Mu da muka yi aiki da manya mun san yadda ake bi da su. Kai ne za ka riga su zuwa. In ka bari suka zo da kansu, ka kaɗe. Kina so a ce mun tsallake su mun kai shi asibiti, likita ya tambaya, magana ta fita? Sai a ce ƙararsu muka kai."

"To a kai ƙarar tasu! Rabin layin nan sun gani." Ta juya ga telan da ke leƙe ta taga. "Tela, shagonka na kallon rumfar. Me ka gani?"

"Ni? Zare nake sa wa allura."

"Tun daga farko har ƙarshe?"

"Idon ne ya fara rauni, Nas. Ke ma kin sani."

Wata mata ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi saurin toshe baki. Nas ta ji kamar ta kwashe su duka da mari. Mutane ne masu kirki, wannan ne abin takaicin. Da gobara ce da tuni kowa ya fito da bokiti. Amma da zarar an ambaci kaki, sai manyan maza su koma neman inda suka yi laifi.

"Ku sauke mu a asibiti, sannan ku wuce ku yi ta ba da haƙurin har gobe."

"Ba hanya ɗaya ba ce. Kuma an ce da safe ake samun Oga da sanyin rai."

"'Yata." Muryar Baba ce, can ƙasa. Ta sunkuya. "Bar su su je. In aka rufe injin, me yaran nan za su ci? In sun dawo sai mu tafi. Na yi miki alkawari."

"Baba, babu lokacin."

"Akwai. Allah na nan."

Tana durƙushe ta ji motar ta yi tari, ta tashi, ƙararta na nisa.

Ta kira asibitinsu, aka ce motar ɗaukar marasa lafiya ta fita, ba a san dawowarta ba. Ta tura a tsayar da tasi a bakin titi, mai tasin ya leƙa layin ya ce shi bai shirya sayen sabbin tayoyi ba. Wani ya kawo babur, amma da aka gwada zaunar da Baba sai idanunsa suka juye, aka mayar da shi kwance. Ta kira Direba.

"Muna kan benci, Oga bai fito ba."

"Bar su a kan bencin ka taho!"

"Makullin na aljihun Kawu. Ya ce in Oga ya fito ya ga an ragu, zai ɗauka raini ne."

Ta sake kira, ba a ɗaga ba. Ta sake, aka kashe wayar.

Rana ta ɗaga. Baba ya fara neman ruwa, ta hana, ta jiƙa masa leɓe da tsumma. Tafin ƙafarsa ya yi sanyi. Sai ta fita tsakar gida, idonta ya faɗa kan amalanken da ake kai masa buhunan hatsi.

"Inna, ɗauko bargo da matashi. Ku kuma da kuka cika ƙofa, in ba za ku ɗaga ba ku matsa."

Suka ɗaga. Inna ta riƙe kansa, Nas ta kama hannun amalanken ɗaya. Kafin ta nemi mai kama ɗayan, sai ga Tela, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Suka tura. Kowane rami sai Baba ya yi nishi, kowane nishi sai Tela ya ce sannu.

"Sajen nan ne mai tabo a haɓa," Tela ya ce, bai kalle ta ba. "Bayan Baba ya faɗi ma sai da ya ƙara masa."

"Idon ya warke ke nan?"

"Tura kawai, Nas."

"Za ka faɗa a gaban likita?"

Suka tsallake wata kwata. "Zan faɗa."

Sun wuce shagon mai aski, ana hango motoci na gilmawa a babban titi, Baba ya buɗe ido.

"Na rufe man injin kuwa?"

"An rufe," Inna ta ce.

"To."

Nas ta ci gaba da turawa, har ta lura an daina nishin. Ta saki amalanken, ta kama wuyan hannunsa, ta koma jijiyar wuya, ta kara kunne a ƙirjinsa. Ta sha yin haka a wurin aiki, ta san abin da ake cewa bayan nan. Bakinta ya ƙi. Inna ce ta dube ta, ta fara salati a hankali.

Daidai nan motar Direba ta karyo kwana tana hon, ta tsaya gab da su don layin ba ya ɗaukar abu biyu. Kawu ya zuro kai ta taga, fuskarsa fal fara'a.

"An dace! Oga mutumin kirki ne, har kujera ya sa aka ba mu. Ya ce ya yafe masa! Gobe ma ya buɗe injinsa, ba mai taɓa shi. Ke da kike ta ɗaga jijiyar wuya, kin ga amfanin bin abu a sannu?"

Tun safe Nas take tara maganganun da za ta watsa masa. Ta neme su ta rasa.

"Sauko ka faɗa masa, Kawu," ta ce. "Da bakinka."

Ya sauko yana tattare riga, ya tako har gefen amalanken.

"Kai, tashi ka ji. An ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da bakinsa a buɗe, dattawan biyu na leƙowa ta bayansa. Direba ya kashe mota.

Hannun Baba ɗaya ya zame yana lilo a gefe, yatsun na shafar tayar amalanken. Inna ta ɗago shi, ta goge ƙasar da gefen mayafinta yatsa bayan yatsa, ta mayar da shi ƙarƙashin bargo.