Mai Doki a Ɗakin Riɗi

"Ɗaga buhun nan! Wallahi ita ce!"

Asher makanike ne ke wannan ihu, cikin wani ɗakin ajiya a bayan kasuwar Jahun. Da leburori suka janye buhunan riɗi, sai ga jan fenti, sai ga dogon hanci, sai ga ɗan dokin ƙarfe manne a gaba. Tsohuwar motar Amurka ce, Mustan, wadda tsofaffi ke kira Mai Doki.

To, ba don kansa yake nemanta ba. Maƙwabcinsa a unguwar Limawa ta Dutse, Baba Ɗanmusa, shi ya tuƙa ta da ƙuruciya, yana direban wani attajiri. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, ko kunu ba ya wucewa, amma bakinsa bai bar zancenta ba. "Asher, in ji kukanta sau ɗaya, shi ke nan." Asher kuwa ya rufe garejinsa, ya bi Ringim, ya bi ƙauyuka, yana leƙa duk wata ƙofar langa-langa, har wani tsohon ɗan kamasho ya nuna masa gidan Hajiya Gaji, 'yar marigayi attajirin.

"Hajiya, ki ara mini ita in kai Dutse. Yau ɗin nan!"

Hajiya ta kama haɓa tana dariya. "Ta ina, ɗan nan? Dubi ƙofar."

Ashe shekarun baya, da ɓeraye suka dami riɗi, magina sun toshe babbar ƙofar da bulo, suka bar 'yar ƙarama ta shigar mutum da buhu. Babu wanda ya tuna akwai mota a ciki!

Asher bai tsaya jimami ba. Ya aro batirin wata motar haya, ya kori kazar da ke kwanci a kujerar baya, ya wanke filogi, ya ɗura mai. Ya murza makulli, ya murza, mota ta ce ba ta san zance ba. Gumi har cikin ido. Sai ya kira Inna Talatu, matar Baba.

"Inna, yaya jikin?"

"Sai a hankali. Asher, ka yi sauri."

"Sa masa wayar a kunne."

Muryar Baba ta fito siririya kamar zare. "Kai, ɗan Jos, gaggawa kake mata ko? Ba a yi mata haka. Taka mai, ka saki, ka bar ta ta yi numfashi. Sannan ka roƙe ta."

Asher ya taka, ya saki, ya shafa sitiyari. "Haba Mai Doki, Baba ne fa."

Wayyo, jama'a! Ta yi tari, ta yi gurnani, sai ta ɓarke da ruri har kwanon rufi na rawa. Kaji suka watse, leburori na tafi, Hajiya na guɗa cikin hayaƙi. Asher ya miƙa wayar ta taga, ya daɗa taka mata. Can ya ji Baba na dariya, yana cewa, "Ja'ira! Ba ta tsufa ba."

Da zai tafi, Hajiya ta sa aka kwance ɗan dokin. "Kai masa."

Bayan la'asar ya iso Limawa. Tun daga bakin layi ya hango tabarmi a ƙofar gida, da takalma jere. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, dattawa suka matsa masa wuri. Bencin da Baba ke hutawa a kai yana nan gindin darbejiya, babu kowa. Asher ya goge ɗan dokin da bakin rigarsa, ya tsayar da shi a kai, fuskarsa na kallon titi.