Haɗari Na Uku a Jadawalin Auta

Auta ta cire kalandar falo ta manna wata doguwar takarda a wurinta, daga bakin ƙofa har gindin taga. Layi-layi, gida-gida, kowane mako da launinsa. Ta ce a aji aka koya musu cewa kowane aiki yana da farko da ƙarshe, da masu ruwa da tsaki, da abin da zai iya ɓata shi. Malamin ya yi musu misali da ginin gada. Ita ba ta da gada, sai ta ɗora darasin a kan aikinta na kammala digiri.

Aikin wata 'yar na'ura ce da ke kashe injin ruwa idan tanki ya cika. Shekara ashirin mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, tana kira daga kicin a kashe inji, ruwa na zuba a kan shanya. Ba ta ga maganin ba. Na'urar ta yi aiki tun wata na huɗu. Abin da ya rage shi ne rubutun, da sa hannun malamin da ke duba ta, wanda kowa ke kira Dakta. In bai sa hannu ba kafin sha biyun ranar Alhamis, sunanta ba zai shiga jerin masu kare aiki ba, sai baɗi.

A ƙarshen jadawalin ta bar mako biyu fari fat.

Na ce, "Wannan fa? Hutu?"

Ta ce, "Rara ce, Baba. Ta Dakta ce."

Ya cinye ta kuwa, har ya haɗa da kwana uku na wani gidan.

Ran Talata ina neman tabarau a teburinta na ci karo da wata takarda mai taken abubuwan da za su iya ɓata aiki. Na ɗaya, Dakta ya yi tafiya. Na biyu, wuta ta lalata kwamfuta. Na uku, Baba. A gabansa an rubuta: yiwuwa, babba, ɓarna, babba, magani, kada ya ga jan biron Dakta.

To, a ƙarƙashin takardar jan biron yake, tuli guda. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a. Na karanta littattafan mutanen da su kansu ba su karanta abin da suka rubuta ba, saboda haka na san hannun wanda ya karanta da hannun wanda ya shafa. A wata na uku Dakta ya zana layi a kan babi na huɗu ya rubuta, "Cire wannan kwatance, ba shi da amfani." A wata na biyar, a shafin nan dai, "Ina kwatancen?" A wata na shida, "Ya yi tsawo." A babi na biyu kuwa babu komai sai zagayen gindin kofi.

Ina tsaye da takardun ta shigo.

"Auta, wannan mutumin ya iya karatu kuwa?"

"Baba, ajiye."

"Ni ne na uku? Ni da wutar lantarki a layi ɗaya?"

"Da farko ma kai ne na biyu. Na rage maka ne saboda ciwon gwiwa."

"Gobe zan je in gan shi."

"Ka gani? Shi ya sa." Ta karɓe takardun ta daidaita bakinsu a kan tebur, yadda uwarta ke yi da rasit. "In ka je ka gaya masa gaskiya, kai ka huce, ni na maimaita shekara. Ya taɓa yi wa wani. Babansa ya zo da hayaniya, yanzu yaron yana shekara ta biyu a babi na ɗaya."

"Shi ke nan sai a zuba masa ido?"

"Sai a sa shi a jadawali."

Ta ɗauki biro ta soke maganin da ta rubuta, tunda ya riga ya ƙi ci. Ta rubuta sabo tana karantawa da ƙarfi: a tafi da shi, ya riƙe jaka, gaisuwa kawai.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas muna kan bencin ƙofar ofishinsa. Benci ne na mutum huɗu, mu tara. Fanka ɗaya a silin, fiffike biyu. Jakar da aka ba ni ta yi nauyin da bai dace da littafi ɗaya ba, amma an ce gaisuwa kawai, ban tambaya ba. Sakatariya ta ce yana hanya. Ƙarfe tara yana hanya. Ƙarfe goma yana taro. Wata yarinya kusa da ni tana ta gyara shafin godiya, inda ta kira shi uba kuma fitila.

Sha ɗaya da minti ashirin ya iso, waya a kunne, makulli a yatsa. Ya dube ni.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Barka da aiki." Kalmar ƙarshen ta tsaya mini a wuya, amma ta wuce.

Auta ta ciro littafin ta ajiye, an ɗinke shi da baƙin bango. Ya buɗe tsakiya da babban yatsa, kamar mai duba kati.

"Ina kwatancen da ke babi na huɗu? Wa ya ce ki cire?"

Ta fito da wani ƙaramin littafi. Ashe duk zaman da suka yi wata takwas tana rubuta abin da aka tsayar, da kwanan wata, ta miƙa masa ya sa hannu a ƙasa. Shi kuma yana sawa, don sa hannu bai taɓa yi masa wuya ba sai a inda ake bukata.

"Yallaɓai, ga shi. Ran tara ga wata na shida ka ce a sake cirewa."

Ya dubi sa hannunsa a takardar kamar na wani baƙo. Kunnuwansa suka motsa.

"To na canza shawara. A mayar. Ki kawo mako mai zuwa."

Agogon bangonsa ya ce saura minti ashirin da biyar. Na ji jawabin da na tanada tun Talata ya taso, da sakin layinsa da komai. Na buɗe baki. Dunduniyar takalmin Auta ta sauka a kan yatsan ƙafata, daidai ƙafar mai ciwon gwiwar.

"Baba, miƙo jakar."

Ta zaro littafi na biyu. Bango iri ɗaya, take iri ɗaya, ya ɗan fi kauri.

"Ga mai kwatancen, Yallaɓai. Na ɗinke duka biyun."

Dakta ya dubi littattafan biyu. Ya nemi abin cewa a silin, ya nema a waya. Wayar ta taimake shi ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya maƙale ta da kafaɗa, ya buɗe shafin farko ya sa hannu yana gaya wa wani cewa a wanke motar kafin ya fito. Bai juya ko shafi ɗaya ba.

Saura minti bakwai sakatariya ta buga hatimi.

A matakala na ce, "Wata takwas, Auta. Shafi casa'in da huɗu. Ko take bai karanta ba."

"Ya sa hannu."

"Ke ba ki ji haushi ba?"

"Na ji. Na ware wa haushin ranar Asabar, bayan la'asar." Ba dariya take ba.

Da muka koma gida ta soke gidan ƙarshe na jadawalin, ta shiga ɗaki ta kwanta da takalminta. Littafin da aka ƙi yana cikin jaka. Na ɗauko shi, na feƙe fensir, na zauna a bakin taga na fara daga shafin farko. A shafi na arba'in da ɗaya akwai waƙafi da ya ɓata. Na sa shi a hankali. Ina cikin babi na huɗu injin ruwa ya kashe kansa a bayan gida, ban ɗaga kai ba.