Farantin Sale Makanike

"Farantin bai zamna ba," in ji Uwaisu direba, kansa cikin injin a-kori-kurarsa. "Ramukka biyu sun kauce."

Sale makanike yana kwance kan tabarma gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, ɗiyarsa Ruƙayyatu ta tallabo masa kai. Ya ce a miƙo masa farantin alminiyam ɗin da na zuba da safe. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi.

"Baba Siddiƙu, kihe kwalin ka yi! Shekara hamsin kana zubin tukunya, ka manta tukunya ce ba ta da hagu da dama."

Gwanin ruwa shi ruwa kan ci.

Ni maƙerin tukwane ne a nan Wurno, katanga ɗaya ta raba ni da Sale. Ban taɓa ɗaukar sana'arsa da daraja ba, mutum kullum ƙarƙashin mota kamar ƙadangare. To, injin Uwaisu ya buga, anka kawo wani daga Sakkwato, ba irin na motar ba. Manifol, wato bututun da ke shayar da inji iska da mai, bai dace da sabon ba. Sale ya yanke kunnuwan tsohon da zarto don ya gyara shi. Kwana biyu da yankan, ciwon hanta ya kada shi, asibiti sunka ce a mai da shi gida.

Da na je dubiya, bai bari na gama gaisuwa ba.

"Baba, ba tahiyar ke damuna ba. Kayan mutum na yanke, ban haɗa ba. Mi zan ce in anka tambaye ni?"

"Uwaisu ya ce ya yahe."

"Ya yahe da baki. Da mi zai kai albasar Kagara kasuwa?"

Shi ya koya mini dabarar daga kwance. A shafa baƙin mai a bakin inji, a danna kwali, ramukka su fito. A yi haka ga manifol. Ni kuma in zuba faranti mai kauri a ƙasar zubi, fuska ɗaya ta bi inji, ɗaya ta bi manifol. Kwalin inji ne na kifa.

Da na ɗauko ɓataccen farantin, Ruƙayyatu ta biyo ni har bakin maƙera. "Baba, tun jiya ko kunu bai sha ba. Don Allah a hanzarta."

"Gaggawa ita ta haihi na hwarko," na ce mata.

Na narka tsoffin fistan inji uku da wata fasasshiyar tukunya. Wannan karon sai da na sa wa kwalin alama da gawayi. Kafin la'asar farantin ya huce, na goge shi da magagari har ina ganin gemuna a ciki. Uwaisu ya kai shi kanti anka huda ramukkan ƙusa, ya dawo a guje.

Ƙusa takwas, duk sunka shiga.

"Ɗaure ta tsakiya tukuna, kai jakin direba," in ji Sale, muryarsa kamar ta sauro. "Ba ɗaurin buhu ba ne."

Uwaisu ya murɗa makulli. Inji ya yi tari sau biyu, ya mutu. Babu wanda ya dubi wani. Ya sake murɗawa, ya kama, ya tsaya daram.

Sale ya rufe ido yana saurare. Ya daɗe.

"Ba ta shan iska ta gehe," ya ce. "Baba, ashe ka iya aiki. Uwaisu, ɗauke tsiyarka daga ƙohwar gidana."

"Kawu, Allah shi biya ka."

"Amin. Ruƙayyatu, ina kunun nan?"

Ya sha ludayi huɗu. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, babu kakari, babu juyi. Ni na yi masa wanka. Baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa ya ƙi fita, na bar masa abinsa.

Da munka dawo daga maƙabarta, Ruƙayyatu ta riga ta share inda motar ta yi wata guda tsaye. Nan munka shimfiɗa tabarmin gaisuwa, sawun taya biyu ya fito daga ƙarƙashinsu ya miƙe zuwa titi.