Inda Ruwa Ba Ya Kwana

"Zuba a hankali, Aina'u," in ji Malam Iliyasu daga kan tabarma, muryarsa can ƙasa.

Sha'aban, maƙwabcinsa, ya tsaya bakin zaure da kwanon kunu, ransa a ɓace. Mutum yana kwance tun dawowarsa daga asibiti, amma 'yan aji biyar sun cika masa zaure da taɓo. Sun gina ƙauyen kaf da laka: masallaci, makaranta, gonaki, har maƙabarta da tsamiyarta. Aina'u, 'yar Sha'aban, tana tsiyaya ruwa daga buta, sauran suna bin inda ya gangara.

"Malam, in ambaliya ta dawo, ina za mu gudu?" wani ya tambaya.

"Ni ina na sani? Ku duba, ku gaya mini."

Halinsa ke nan tun yana da lafiya. A bakinsa ba a samun amsa, sai wata tambayar.

"Wannan karatu ne ko wasan ƙasa?" in ji Sha'aban. "Don Allah sha kununka."

Malam ya yi murmushi, ya ɗan kurɓa don kada ya ji kunya.

Ranar Laraba da hantsi rai ya yi halinsa. Sha'aban ya saɓi diga, zuciyarsa kamar ta fashe, don tare suka tashi. Aina'u ta tare shi a ƙofa, idanunta jajir.

"Baba, a ina za ku haƙa?"

"Gindin tsamiya, kusa da mahaifinsa."

"Kada ku sa shi nan. Duk zubin da muka yi, nan ruwan yake taruwa. Ku hau tudu, wajen gonaki."

Ya buɗe baki zai daka mata tsawa, ina yarinya ina zancen kabari? Sai bara ta faɗo masa, yadda ruwa ya tone makwantai suka wuni suna mayar da ƙasa. A maƙabarta ya sha gardama da dattawa, ya kafe. A tudu aka rufe Malam.

Cikin Agusta ruwa ya wuni yana zuba. Yana ɗaukewa Sha'aban ya naɗe wando ya tafi. Gindin tsamiya ya zama tafki. A tudu kuwa ƙasar kabarin ta jiƙe ne kawai, ɗanyar ciyawa ta fara leƙowa. Ya durƙusa ya yi addu'a, ya daɗe bai tashi ba.

Da ya dawo ya leƙa zauren. Ƙauyen laka ya bushe ya tsattsage, butar tana nan gefensa inda Aina'u ta ajiye ta.